Rigar Atisaye: A Auna Jiki Kafin A Ɗinka

A filayen ƙwallo na Bakori, Funtua da Malumfashi, 'yar sharar da ke bambanta ɓangare biyu lokacin atisaye yawanci girmanta ɗaya, alhali jikin 'yan wasa ba ɗaya ba ne. Ga ƙaramin yaro takan sauko har cinya, wuyanta ya zame daga kafaɗa, hankalinsa ya rabu tsakanin ƙwallo da gyaran riga. Ga ƙato kuwa takan matse hammata, musamman da hunturu idan an ɗora ta kan rigar sanyi. Gyaran ba wuya: a raba rigunan gida uku, ƙanana, matsakaita da manya, a sa roba a gefe biyu, a zaɓi yadi mai raga saboda zafin bazara.

Wani zai ce ai atisaye ne kawai, kuma kuɗi sun yi wuya. Sai dai a atisaye ɗabi'a ke kafuwa: riga mai yalwa tana koya wa yara jan rigar abokin karawa, laifin da alƙalin wasa ke hukuntawa ranar gasa. Batun kuɗi kuma, telan unguwa zai rage faɗi ya sa roba da abin da bai kai kuɗin sabuwa ba. Masu horarwa, ku gwada wa kowane yaro rigarsa tukuna.