Javel a Rijiya, Javel a Randa

Duk shekarar da Kogin Binuwai ya tumbatsa, kamar a 2012 da aka saki ruwan madatsar Lagdo, rijiyoyin da ke kwarin Garwa kan haɗiye laka da ruwan masai. Kwalara kuwa ba baƙuwa ba ce a wannan yanki: a 2010 ta kama mutum sama da 10,000 a Kamaru, akasarinsu a jihar Arewa Mai Nisa, a 2018 kuma ta sake ɓulla a jihar Arewa. To, da an ji amai da gudawa sun shigo unguwa, sai a tuttula javel, wato ruwan bilic, a rijiya, hankali ya kwanta. Wannan kwanciyar hankalin ce abin tsoro.

Kulorin da ke cikin javel yana kashe ƙwayoyin cuta, amma datti yana cinye shi. Idan ruwa ya gurɓace da laka da ruɓaɓɓen ganye, a kansu maganin zai ƙare. Shi ya sa sai an yashe rijiyar tukuna, an goge bangonta, sannan a zuba, a bar shi ya kwana, a kwashe har warin ya ragu. Ko an yi hakan, rijiya ba randa ba ce. Sabon ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa ba dare ba rana, in kuma masai na kusa, da kayansa yake zuwa. Binciken da aka yi a Bissau lokacin annobar kwalara ta 1994 ya nuna cewa kulorin da aka zuba a rijiya yawanci ba ya wuce kamar yini guda. Ga guga, igiyarsa kwance cikin taɓo da kashin awaki, ana jefa shi sau hamsin kafin azahar.

Wani zai ce gyara rijiya ɗaya ya fi bin gida ɗari sauƙi. Haka ne, kuma bayan ambaliya wajibi ne a yi shi. Sai dai a randa da jarka ne maganin yake zama, domin ruwan ba ya ƙaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son rabin miligiram na kulorin ya rage a kowace lita bayan minti 30. Masu ƙorafin ɗaci da wari su ma da gaskiyarsu, amma yawanci awo ne ya zarce, saboda ƙarfin javel ɗin kasuwa ya bambanta, zafin Garwa kuma yana rage shi. Aikin ma'aikatan lafiya ne su auna, su faɗa wa uwar gida ɗigo nawa za ta sa a jarka mai lita 20. Mai haƙa sabon masai kuma ya ba rijiya tazarar mita 30 aƙalla.