Yadda Na'ura Ke Tsaron Tukunyar Magani

Jawabin kimiyya na wannan mako ya shafi wata irin tukunya ce wadda ba a hura mata wuta, ba a kuwa dafa kome a cikinta. Aikinta reno. A kan cika ta da romon sukari da gishiri iri iri, a saka waɗansu ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, a bar su su ci, su hayayyafa, su fid da abin da a ke bukata. Daga irin wannan tukunya fenisilin ke fitowa, da insulin na masu ciwon sukari, da yistin masu burodi, da alluran rigakafi masu yawa.

Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ta Kano ya ga kakar wannan tukunya. Marini ya kan zuba ruwa a karofi, ya sa baba da toka da katsi, ya bar su kwanaki. Ƙwayoyin halitta ne ke aiki a ciki har shuni ya narke ya iya kama zane. Kullum marini ya kan duba kumfa, ya sansana, ya motsa da muciya, in ya ga toka ta gaza ya ƙara. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To, tukunyar magani ba ta yarda da haka ba. A rufe ta ke ruf, an riga an ƙone cikinta da tururi mai zafin digiri 121, domin ko baƙuwar ƙwaya guda ta shiga, sai ta cinye romon ta ɓata aikin duka. Tun da ba hannu ko hancin da zai shiga, tilas a nemi masu tsaro na ƙarfe da gilashi.

Yaƙi ne ya gaggauta wannan sha'ani. A shekara ta 1928 Alexander Fleming ya lura, a asibitin St Mary's na Landan, cewa wata funfuna tana kashe ƙwayoyin cuta. Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu na Jami'ar Oksfod su ne su ka mai da ita magani. A kwalabe da faranta su ke renonta, tana kwance bisa ruwa kamar yanar kunu, abin da ta ke bayarwa kuwa kaɗan ne ƙwarai. A watan Fabrairu na 1941 su ka gwada maganin a kan wani ɗan sanda wanda ciwo ya ci jikinsa. Ya fara samun sauƙi, sai maganin ya ƙare, ciwon ya komo, ya rasu. Daga nan aka gane faranti ba zai ishi duniya ba. A watan Maris na 1944 kamfanin Pfizer ya buɗe ma'aikata a Brooklyn ta Amurka mai manyan tankuna 14, kowanne na cin galan 7,500, inda funfunar ke nutse cikin romo ana busa mata iska. A yau tankin fenisilin ya kan kai lita 100,000 ko fiye.

Amma girman tukunya, girman wahala. Abin da ke ciki mai rai ne, kome mai rai kuwa yana sāke wurin zamansa. Yana fid da zafi, yana fid da tsami, yana shanye iska, yana cinye abinci. Halin da romo ke ciki da asuba ba shi ne na azahar ba. Abubuwa huɗu ne manya a ke tsaro.

Na fari zafi. Funfunar fenisilin ta fi son wajen digiri 25, ƙwayoyin da aka samo daga jikin dabba kuwa digiri 37, watau zafin jikin mutum. Kamar yadda kalwa ke ɗaukar ɗumi sa'ad da mai daddawa ta rufe ta, haka babban tanki ke zafafa kansa. Saboda haka a kan sa ma'aunin zafi cikin romon, a kewaye tankin da bututun ruwan sanyi. Zafi na hawa, bawul ya buɗe. Yana sauka, bawul ya tsuke.

Na biyu tsami. Masana suna auna shi da wani ma'auni mai suna pH, wanda Sørensen, mutumin Danmak, ya ƙago a 1909. Lamba 7 ita ce tsakiya. Lemon tsami yana can ƙasa wajen 2, ruwan toka da kanwa suna sama da 7. Wani ɗan sandan gilashi ne ke ji, yana aika saƙo ta waya. In romo ya yi tsami, famfo ya ɗiga masa ruwa dangin kanwa, daidai da marini da tokarsa.

Na uku iska, ita ce kuwa uwar wahala. Iskar oksijin da mai rai ke shaƙa ba ta son narkewa cikin ruwa: lita guda ba ta riƙe abin da ya wuce kamar miligiram 8. In ƙwayoyi sun yi kauri, su kan shanye wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi. Watau in iska ta yanke, kafin mai gadi ya taso daga kujerarsa aikin ya soma lalacewa. A 1956 Leland Clark, Ba'amurke, ya bayyana wata na'ura mai auna oksijin cikin ruwa, 'ya'yanta da jikokinta ne ke cikin tankuna har yau. Oksijin na raguwa, sai farfelar da ke motsa romon ta ƙara gudu. In bai isa ba, a ƙara iskar da a ke busawa. In har yanzu da saura, a busa oksijin zalla. Sai dai ƙwayar jikin dabba ba ta da ɓawo mai tauri, motsi mai tsanani yana yi mata lahani, don haka a kan yanka wa farfela iyakar da ba za ta wuce ba. Iska kuma tana ta da kumfa. Kumfa na taɓa wani tsinken ƙarfe a saman tanki, sai a ɗiga mai ta kwanta. Amma in man ya yi yawa, ya kan hana iska shiga romon. Gyaran wannan ya kan taɓa wancan.

Na huɗu abinci. Mutum zai zaci yawan sukari yawan magani. Ba haka ba ne. In funfuna ta sami sukari a wadace, sai ta duƙufa ga girma ta rage yin fenisilin. Yisti kuwa in aka cika masa sukari, barasa zai yi maimakon ya hayayyafa. Dabara ita ce a riƙa ba su da kaɗan kaɗan, ba ƙoshi ba yunwa, dare da rana, kamar mako guda ga fenisilin, kamar mako biyu ga ƙwayoyin jikin dabba.

To, yaya na'ura ke sanin gwargwadon gyaran da za ta yi? Aikinta uku ne: ta auna, ta gwada da abin da aka umurce ta, ta gyara, sa'an nan ta sāke aunawa. Amma wanda ya taɓa sirka ruwan wanka ya san inda gizo ke saƙa. Ka ƙara na sanyi ya yi sanyi da yawa, ka ƙara na zafi ya ƙona ka. Babban tanki ma ba ya amsawa nan take, in na'ura ta yi garaje sai ta yi ta lilo tsakanin zafi da sanyi. A 1922 wani injiniya, Nicolas Minorsky, ya rubuta abin da ya koya daga kallon matuƙan jiragen ruwa. Gwanin matuƙi yana lura da abu uku: nisan da jirgi ya kauce, da daɗewar da ya yi a kauce, da saurin da ya ke kaucewa ko komowa. Minorsky ya mai da wannan lissafi. Lissafin nan ne har yau ke juya yawancin bawul da famfo na ma'aikatun duniya.

Daga shekarun 1970 aka soma haɗa tankuna da kwamfuta, sai wata ƙofa ta buɗe. Kwamfuta tana auna numfashin da ke fita daga tanki, ta ga oksijin nawa aka shanye, iskar kabon dayoksaid nawa aka fitar. In ta yisti ce, aka ga abin da ke fita ya rinjayi abin da ke shiga, alama ce ya soma yin barasa, sai a rage masa sukari nan take. Ta haka a ke gane abin da ba a gani daga abin da a ke gani, kamar likita mai sauraron ƙirji. Yanzu har da haske a ke leƙa romo a san yawan sukarinsa ba tare da an ɗebo ba. Kowane awo kuma a rubuce ya ke, domin hukumomin magani ba su yarda a sayar da abin da ba a san yadda aka rene shi ba.

Duk da haka, na'ura ba ta gyara sai abin da ta iya aunawa. A watan Yuni na 2009 kamfanin Genzyme ya rufe ma'aikatarsa ta Allston, a birnin Boston, domin wata ƙwayar bairos ta shiga tankinsa ta hana ƙwayoyin reno girma. Ma'aunin zafi da na tsami ba su ganin bairos. Magunguna biyu da a ke yi a can a lokacin, Cerezyme da Fabrazyme, na waɗansu cututtukan gado ne, sai su ka yi ƙaranci a ƙasashe da yawa, aka rage wa majinyata rabonsu wata da watanni. Shi ya sa ko a ma'aikatar da ta fi kowace kayan zamani, ma'aikata suna ɗebo romo su kai ɗakin bincike, suna gwada ma'aunan kansu kada su yi ƙarya, suna kuma tashi da tsakar dare in ƙararrawa ta kaɗa. Na'ura ba ta gyangyaɗi, ba ta gajiya, amma mutum ne ke gaya mata abin da za ta tsare.

Nan jawabin wannan mako ya tsaya.