Daga Dandali zuwa Takobi: Matakan Tashen Ɗan Kokawa

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce bayyana matakan da saurayi kan taka kafin ya zama ɗan kokawar da jiha ke taƙama da shi. Matakin farko shi ne dandali, inda samari kan gwada ƙarfi da kaka, bayan an kawar da amfanin gona. Wanda ya yi fice sai makaɗa su yi masa take, ya shiga yawon ƙauyuka, har ya kai manyan fagage irin na bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934.

A Jamhuriyar Nijar kuwa hukuma ce ta tsara abin. Tun 1975, lokacin da Kantu na Maraɗi ya ci gasar farko a Tawa, kowace jiha kan tura zaɓaɓɓunta neman takobi. Wannan ya yi kama da ƙwallon Gelik ta ƙasar Ailan, inda ɗan wasa kan wakilci gundumarsu ba don albashi ba.

Abin lura a nan shi ne, in an kayar da ɗan kokawa, garinsu aka kayar. Saboda haka nazarin kirari da take ba zai cika ba sai an dubi garin da gwarzo ke ɗauke da sunansa.