Yadda labarin yaran Magaria da Dungass ke kaiwa duniya ta intanet

Ƴan uwa na gida da na ƙetare, kun sha tambayarmu: hotunan yaranmu da ake gani a Facebook daga asibitin Magaria, wa ke saka su, kuma me ake nema da su? To, ga bayani.

Mu fara da 2005, shekarar yunwar da ta biyo bayan fari da ɗango. A watan Mayu Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi a agaza wa Nijar, amma kuɗi ba su zo ba. Sai a watan Yuli, da BBC ta nuna hotunan yaran Maradi masu tamowa, masu hannu da shuni suka motsa. A wannan shekarar ce ƙungiyar likitocin MSF ta soma aiki a Magaria. Daga nan ƙungiyoyin agaji suka ƙara gane cewa wahalar da ba a gani ba, da wuya a taimaka mata.

Yau ba sai an jira ɗan jarida ya zo daga Ingila ba. Ƙungiya na rubuta sanarwa ta saka a shafinta, ta haɗa da hoto ko gajeren bidiyo, sannan ta watsa a Facebook, X da YouTube. Kafafen labarai su ɗauka, jama'a su yi ta turawa. A ƙarƙashin labarin akwai wurin da mai karatu zai danna ya ba da gudummawa. MSF, alal misali, mafi yawan kuɗinta daga aljihun ɗaiɗaikun mutane suke fitowa.

Haka aka yi a watan Satumba na 2018. MSF ta sanar cewa a sashen yara na asibitin Magaria ana rasa kimanin yara 10 kowace rana, galibi saboda masassarar cizon sauro da tamowa. Cikin ƴan kwanaki labarin ya shiga jaridun duniya. Dalilin kuwa mun san shi: da damina rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, yaron da bai ƙoshi ba kuma masassara na saurin kayar da shi.

Sai dai akwai abin lura. Hoton yaro a kan gadon asibiti ba ya gogewa daga intanet. Yaron zai girma ya tarar da shi. Don haka, iyaye, ku sani: ba a ɗaukar hoton ɗanku sai da yardarku. Kuna da ikon tambaya ina za a kai shi, kuna da ikon cewa a'a, kuma ƙin yarda ba ya hana a ba yaro magani. Mu ma a namu ɓangaren muna son a riƙa nuna uwar da ta yi tafiyar kilomitoci da goyo, da ma'aikatan lafiya ƴan ƙasa da ke kwana kan aiki. Ai su ne ke riƙe da asibitin.

Ku kuma ƴan uwa da ke Kano, Legas, Libiya ko Aljeriya, a yi hattara. Wasu kan ɗauki tsohon hoto su tura a WhatsApp, wai ana tara kuɗin marasa lafiya, su sa lambarsu. Kafin ku aika ko dala, ku duba ranar da aka saka labarin, ku duba ko shafin na ƙungiyar ne da gaske, sannan ku kira gida a tambayi mai gari ko majo na CSI.

Daga ƙarshe, salula ba ta auna hannun yaro. Zaren awo ne ke yi: in ya nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, ko ƙafafu suka kumbura, a kai shi likita a ranar. In an zo rabon maganin rigakafin masassara na damina ga yara ƴan wata 3 zuwa 59, a karɓa, a kuma ƙarasa shi har kwana uku. Ku na nesa, in kun kira gida, ku tuna wa mata wannan. Allah ya raya mana zuri'a.