Yadda Ake Gyaran Robar Tsohon Keken Rubutu

Gabatarwa

Mai karatu, kafin kwamfuta ta zama ruwan dare, tafireta ce ke ɗaukar nauyin rubutun ofis, tun daga 1874 da kamfanin Remington na Amurka ya fara sayar da ita. Da yawa an jingine su yanzu, alhali abin da ya lalace bai wuce roba ba. A wannan maƙala zan yi bayanin yadda ake gyara ta.

Me ke kashe robar?

A keken akwai babbar ganga wadda takarda ke naɗuwa a kanta, sai ƙananan tayoyi a ƙarƙashinta masu riƙe takardar. Dukkansu an lulluɓe su da robar da aka dafa da farar wuta, dabarar da Charles Goodyear ya yi wa rajista a 1844. Da shekaru suka tura, iska da zafi kan busar da ita ta yi tauri kamar katako. Daga nan takarda ta riƙa zamewa, ɗigon aya ya riƙa huda ta, haruffan ƙarfe kuma su fara dakushewa. Idan keken na musamman ne mai ɓ, ɗ da ƙ, samun madadinsu sai an sha wuya.

Matakan gyara

Da farko a danna gangar da farce. Idan ta ɗan lotsa, da sauran ranta. A goge ta da tsumma da sifirit, a bi ta da samfefa mai laushi, ana juyawa. Kada a shafa fetur ko man birki, domin kumbura roba suke yi.

Idan kuwa ta tsattsage, sai a kwance ta, a auna kaurinta, a rubuta, sannan a feƙe tsohuwar robar. Wasu kan saka tiyub ɗin keke, wasu kuma robar nan ta masu gyaran lantarki mai tsukewa in ta ji zafi, ana yi mata rufi bisa rufi. Ƙananan tayoyin da suka baje a gefe guda, guntun tiyo ya ishe su.

Abin da na fi so a riƙe shi ne awo. Fuskar kowane harafi a ɗan lanƙwashe take, daidai da zagayen gangar. In sabuwar roba ta fi ta asali kauri ko ta gaza, sai kan harafi ya fito gindinsa ya ɓace, ko akasin haka.

Kammalawa

Rigakafi ya fi magani. Shawarata ita ce a riƙa haɗa takarda biyu in za a buga rubutu, ta baya ta tare duka. In an gama, a saki mariƙin takarda don kada tayoyin su kwana a danne, a kuma nisanta keken da rana.