Na ɗauka ciwon Goggo ne ya kama ni

Wata biyar da aurena, a ɗakinmu na haya da ke Aboabo a Kumasi, na wayi gari nonuwana sun yi nauyi kamar an ɗura musu ruwa. Ko zanen wanka ne ya goge su sai na ce wash. Kwanciya rub da ciki ta gagara. In na hau trotro zuwa Kejetia kuwa, duk ramin da mota ta faɗa sai na rungume jaka a ƙirji ina cije leɓe.

Ban gaya wa kowa ba. Goggona, ƙanwar babanmu, ciwon dajin nono ne ya yi ajalinta, Allah ya jiƙanta, kuma ta ɓoye shi har sai da ya fashe. Abin da ya zo mini a rai ke nan. Maigida kuwa, ina amarya, ta ina zan fara? Kwana tara ina kuka a makewayi, har na sayi ƙwayar ciwon jiki a kemis ina sha a ɓoye.

Wata tsohuwa mai sayar da koko a gidanmu ce ta harbo jirgina. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar nan, yaushe rabonki da fashin salla?" Na ƙirga, ashe na wuce da sati biyu ban lura ba. Ta yi dariya ta ce gobe in shirya, ita za ta raka ni asibiti.

Gwajin fitsari ya nuna ciki na sati shida. Ungozomar ta laluba nonon biyu har hammata, ta ce babu ƙulli. Ta yi mini bayanin cewa da ciki ya shiga, sinadaran jikin mace, istirojin da furojestaron, sai su hau, jini ya ƙara kwarara zuwa ƙirji, hanyoyin ruwan nono su fara buɗewa. Shi ya sa ake jin nauyi da tsami, wata ma tun kafin ta ga batan wata. Baƙin da ke kewaye da kan nono yana ƙara duhu da faɗi, jijiyoyi su fito, sannan ga wasu 'yan ƙuraje da ke tsirowa a wurin. Ni har na fara matse su. Ta ce kul, maiƙo suke fitarwa don kada fatar ta tsage.

Ƙwayar da nake sha ta karɓe. Ta ce irin su ibuprofen da diclofenac mai ciki ba ta taɓa su sai da izinin likita. In zafin ya dame ni, farasitamol da tsumma mai sanyi, da rigar nono ta auduga marar ƙarfe, wadda ta fi tawa girma, ko da ita zan kwana.

Amma ba ta ce tsorona shirme ba ne, kuma wannan ya burge ni. Ciwon ciki, in ji ta, yawanci nono biyu yake kamawa tare, shi kuwa daji galibi da ƙulli marar zafi yake farawa a gefe guda. Ƙulli mai tauri, jini daga kan nono, fata ta yi kamar ɓawon lemo, kan nono ya shige ciki, ko ja da kumburi da zazzaɓi, duk wanda na gani in dawo a ranar, kada in ce ai cikin ne. Kuma tunda akwai shi a dangi, in riƙa faɗa wa duk wanda zai duba ni. Awon ciki dai tun 2008 kyauta ne a Ghana ga mai katin inshorar lafiya, ko da yake 'yan kashe-kashe ba sa ƙarewa.

Shigata wata na huɗu tsamin ya lafa da kansa. Nauyin ne bai tafi ba, sai ma wani ruwa rawaya mai kauri da ya fara ɗiga daga baya, wato dakashi. Tsohuwar ta ce in na haihu a matse shi a zubar. Ungozoma ta ce shi ne rigakafin farko na jariri. Da na haifi 'yata, wadda aka sa wa sunan Goggo, shi na fara ba ta, tsohuwar tana gefe tana mita.