Kurkunu, da Yadda Aka Gane Asirinsa

A cikin darussan kiwon lafiya da a ke koya mana, babu wanda ya jawo gardama tsakaninmu kamar na kurkunu. Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa ganinsa ba, sai dai tabonsa a ƙafafun kakanninmu. Amma da muka bi labarin daki-daki, sai muka ga ya cancanci a rubuta shi, gama cuta ce wadda har yau ba ta da maganin sha, ba ta da allurar riga-kafi, duk da haka an kore ta daga ƙasarmu. Abin da ya kore ta kuwa shi ne sanin hanyar da ta ke bi.

Kurkunu tsutsa ce fara, siririya kamar zare mai kauri, tsawonta ya kan kai kamu biyu. Wadda mutane ke gani macen ce. Idan lokacin fitarta ya yi, sai ta gangaro ƙarƙashin fata, galibi wajen ƙwauri ko idon sawu, ta tayar da bororo mai raɗaɗi kamar an ɗora garwashi. To, mutumin da ƙafarsa ke ƙuna, ina zai nufa in ba ruwa ba? Da ya tsoma ƙafar cikin tafki domin ya ji sanyi, sai tsutsar ta leƙo, ta zubo wani abu fari kamar madara. Wannan farin abu 'ya'yanta ne, dubu bisa dubu, waɗanda ido ba ya gani.

Abin mamaki, da mutum zai sha 'ya'yan nan a lokacin, da ba za su cuce shi ba. Sai sun sami mai ɗaukarsu tukuna. A cikin ruwan da ba ya gudu akwai wani ɗan ƙwaro wanda bai kai ƙwayar gero ba. Turawa na ce da shi ƙumar ruwa, masana kuwa Saikulos, sunan wani ƙato mai ido ɗaya na cikin tatsuniyoyin Yunanawa, domin shi ma idonsa ɗaya ne. Shi ne ke haɗiye 'ya'yan kurkunu, su yi kamar mako biyu a cikinsa suna ƙosawa. Wanda ya sha ruwan nan ba tacewa ya sha har da ƙwaron. Ruwan ciki mai narkar da abinci ya kan kashe ƙwaron, amma 'ya'yan su tsira, su huda hanji su shige cikin jiki. Can su ke girma su yi barbara, namijin ya mutu, macen ta ci gaba da tsawo, mutum bai san kome ba, har wata 10 zuwa 14 su wuce.

Wannan jinkiri shi ne dukan asirin kurkunu. Wanda ya ci abin da ya ɓata masa ciki da safe ya san abin da ya ci kafin la'asar. Amma wa zai ce ruwan da ya sha a gona bara shi ne ya kwantar da shi bana? Saboda haka waɗansu suka ce sammu ne, waɗansu suka ce jijiya ce ta mutu ta ke neman hanyar fita. Kada mu yi musu dariya. Manyan likitocin Musulmi na dā, har da Ibn Sina wanda ya rasu cikin 1037, da sunan jijiyar Madina suka san shi, kuma sunan Madina bai fita daga sunan da masana ke kiransa da shi ba har yanzu. Tsufansa kuwa ya wuce nan, gama an sami busasshen kurkunu a jikin wata gawa ta Misirawan dā.

A ƙasashen da ke gefen Hamada, irin tamu, da damina ya ke fitowa, domin sa'an nan ne kududdufai ke cika, manomi ya bar rijiyar gari ya sha na kusa da gona. Shekara na zagayowa sai ya kwanta daidai lokacin noman farko. Fitar da tsutsar kuwa ba a yi masa gaggawa: a kan naɗe kanta a tsinke, a ja kaɗan yau, kaɗan gobe, wani lokaci har wata guda ko fiye. In ta tsinke, ƙafa ta kumbura ta yi mugunya. Sakiyar da a kan yi da ƙarfe mai zafi sau da yawa ƙara ɓarna ta ke yi. Gidan da mutum uku suka kwanta a watan Yuli, kowa ya san yadda rumbunsu zai zama da kaka, yara kuma su bar makaranta su tsaya jinya. Kuma jiki ba ya sabawa da shi kamar ƙyanda. Wanda ya yi bana yana iya yi baɗi.

Wanda ya fara kama bakin zaren wani Barashe ne, Alekisi Fedcenko, wanda ya yi bincike a ƙasar Turkistan, ya ga 'ya'yan kurkunu cikin ƙumar ruwa da madubin likita wajen 1870. Cikin 1905 wani likita mutumin Sikotilan, Robat Lifa, ya zo Ankara, babban birnin Gwalkwas, ƙasar da a ke kira Gana yau, ya nuna yadda ruwa mai tsami irin na ciki ke kashe ƙwaron ya saki 'ya'yan. A Bukhara, garin Imam Bukhari, hukuma ta gyara tafkunan gari, ta hana masu ciwon shiga, cutar ta ɓace tun wajen 1932. Mu kuwa sai da aka ƙara fiye da shekara 50 kafin a tasam mata da gaske. A ganinmu wannan jinkiri ba na rashin sani ba ne. Cutar mutanen ƙauye ce, ba ta shiga inda a ke shan famfo.

Cikin 1986, sa'ad da tsohon shugaban Amurka Jimi Kata ya sa hannu cikin yaƙin, an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi ke kamuwa ko wace shekara a Afirka da Asiya. Da aka bi Nijeriya ƙauye-ƙauye cikin 1988 da 1989, an ƙidaya fiye da 650,000. Makaman yaƙin ba su da yawa. Akwai ƙyallen tacewa da a ke ɗaura wa bakin tulu, da 'yar tsirkiya mai rariya wadda makiyayi zai rataya a wuya ya zuƙi ruwa da ita, da maganin kashe ƙwaron da a ke zubawa a tafki, da rijiyoyin burtsatse. Babban makamin kuwa mutumin ƙauye ne da aka koya wa aikin, wanda ke wanke gyambon, ya rubuta a littafi, ya lallashi mai ciwon kada ya shiga ruwa. Janar Yakubu Gawon ma ya zazzaga ƙauyuka yana jan hankalin gwamnoni da sarakuna.

Akwai wata magana da za mu gamu da ita in mun fita koyarwa. A makarantar allo mun koya cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba mai tsarki ne, kuma haka ne. Sai dai wannan hukuncin alwala ne, bai ce ba ƙwaro a ciki ba. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a ɗebo ruwan kududdufi a kwalba, a ɗaga wajen haske, yara su ga 'yan ɗigo-ɗigon fari suna zillo, sa'an nan a tace da ƙyalle mai ƙanƙanan ido a sake dubawa.

Mutum na ƙarshe da aka samu da kurkunu a Nijeriya cikin Nuwamba 2008 ne, a jihar Inugu. Cikin 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijeriya da Nijar shaidar rabuwa da shi, Gana ta sami tata cikin 2015. Cikin 2023 mutum 14 kaɗai aka samu a duniya duka, 9 daga cikinsu a Chadi. A can ne kuma aka ga wani sabon al'amari tun 2012: karnukan masunta na bakin kogin Shari suna fid da tsutsar, a na zaton ta wurin cin ɗanyen hanjin kifi da kwaɗi su ke ɗauka. Shi ya sa a ke roƙon masunta su riƙa binne hanjin kifi, su kuma ɗaure karnukansu nesa da ruwa har tsutsar ta gama fita.